Kuɗin wata a rukunin gidaje: dole ne in biya, kuma ina kuɗin ke tafiya?

"Assalamu alaikum. Bara na sayi gida a wani rukunin gidaje da ke wajen Tumfure a Gombe, gida sittin ne a ciki. Da na tare, naira 5,000 ake karɓa a wata na masu gadi da shara da ruwa. Yanzu kwamiti sun mayar da shi 12,000, kuma sun ce kowane gida ya kawo 40,000 na gyaran taransifoma. Sun ce wanda bai biya ba za a yanke masa ruwa, a hana motarsa shiga get. Ni da kuɗina na sayi gidana, ba haya nake yi ba. Dole ne in biya? Wa ya ba su wannan iko, kuma yaya zan san inda kuɗin ke tafiya?" Wata mai karatu daga Gombe.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya wa gidan albarka, ya sa a zauna lafiya. Tambaya uku kika haɗa: ko kuɗin ya hau kanki, ko kwamiti na da hurumin ƙara shi da hukunta wanda bai biya ba, da kuma yadda za ki tabbatar ba cinye shi ake yi ba. Sana'ata kula da rukunin gidaje ce da ƙiyasta darajar kadarori, kuma wannan rigimar ita ce ta fi kawo mutane ofishina. Shawarata a taƙaice: ki biya abin da aka nuna miki lissafinsa a rubuce, kuma ki dage sai an nuna. Ga dalilaina.

Abin da kika saya ya wuce katangar gidanki

Ranar da kika biya kuɗin gidan, abu biyu kika samu. Ɗaya naki ne ke kaɗai, wato ginin da farfajiyarsa. Ɗayan kuwa na tarayya ne: get, katangar da ta kewaye rukunin, rijiyar burtsatse da tankinta, titunan ciki, kwatoci, fitilun hanya. Waɗannan ba sa yankuwa kashi sittin kowa ya ɗauki nasa, kuma su ne suka sa gidan ya yi tsadar da ya yi. Irin gidanki sak, a wajen da babu gadi babu ruwa, ba zai kai wannan kuɗin ba. Kayan tarayyar nan kullum suna cin kuɗi, ko an tara ko ba a tara ba. Idan ba a tara ba, lalacewa ce ke cin su.

Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996, gari ya riƙa miƙewa ta Tumfure da sauran gefuna da saurin da bututun ruwan Dadin Kowa da kwalta ba su iya cim masa ba. Shi ya sa mazauna sababbin unguwanni suka wayi gari suna yi wa kansu abin da aka saba jira daga hukuma. Kuɗin wata daga nan ya samo asali. Ba haraji ba ne, kason kowa ne na ɗawainiyar abin da aka mallaka tare.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wanda ya yi karatun Risala ta Ibn Abi Zaid zai tuna mas'alar gida mai sama da ƙasa, kowane da mai shi: idan ƙasan ya raunana, gyaransa na kan mai ƙasan, kuma ana tilasta masa ya gyara ko ya sayar wa wanda zai gyara. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da gane cewa mutum ba ya cewa "nawa ne" ya bar abin da ya haɗa shi da maƙwabcinsa ya rushe. Ta fuskar haƙƙi ke nan. Ta fuskar dokar ƙasa, maganar ta ɗan bambanta.

Daga ina ikon kwamiti yake fitowa?

A Amurka, sharuɗɗan unguwa a rubuce suke a jikin takardun fili, duk wanda ya saya ya shiga ƙungiya kai tsaye, kuma a jihohi da yawa ƙungiya na iya ɗora bashin a kan gidan har ta kai ga yin gwanjonsa. Afirka ta Kudu ma tana da doka ta 2011 da ta tsara yadda ake gudanar da gidajen tarayya, har ta wajabta musu ajiye kuɗin gyara. Mu a Najeriya ba mu da dokar tarayya irin wannan. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, takardar C of O, wato shaidar riƙon fili, kuma alaƙa ce tsakanin mai fili da gwamnati. Ba ta ba wata ƙungiyar unguwa iko a kan gidanki ba.

Saboda haka ikon kwamiti ba daga sama yake saukowa ba, daga yarjejeniya yake fitowa. Nan ne asalin rukunin naku yake da muhimmanci. Idan kamfani ne ya gina ya sayar, akasari a cikin takardar ciniki akwai sakin layin da ya ce mai saye ya amince zai biya kuɗin hidima kuma zai bi dokokin rukunin. In kin sa hannu a kan haka, to kuɗin bashi ne a kanki, kotu ma za ta iya karɓar musu. Idan kwatas ne na gwamnati da aka sayar wa mazauna, a duba takardar da aka ba da gidan da ita. Idan kuwa fulotai ne kowa ya saya ya gina, daga baya maƙwabta suka haɗu suka kafa ƙungiya, to ƙarfinta bai wuce waɗanda suka shiga suka amince da tsarinta ba.

Sashe na 40 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiya, kotuna kuma sun fassara shi da cewa ya haɗa da 'yancin ƙin shiga. A 1991, a shari'ar Agbai da Okogbue, Kotun Ƙoli ta ba wani tela na garin Aba gaskiya bayan ƙungiyar tsararrakinsa ta ƙwace masa keken ɗinki saboda ya ƙi biyan kuɗin da suka yanka, alhali bai shiga cikinsu ba. A 2020 ma Babbar Kotun Tarayya a Legas ta yanke hukunci a ƙarar da wani kamfani ya shigar kan ƙungiyar mazauna Gbagada, cewa zama a unguwa kaɗai ba ya mayar da mutum ɗan ƙungiya dole. Ina kawo waɗannan ne don kwamitoci su san iyakarsu, ba don in ba ki hujjar zamewa ba. Wanda mai gadi ya kwana yana tsaron motarsa, ya sha ruwan rijiyar jama'a, sannan ya ce shi ba ɗan ƙungiya ba ne, ko ya yi nasara a kotu ya ci haƙƙin maƙwabtansa.

Abu na gaba da za ki tambaya shi ne rajista. Ƙungiyar da ta san abin da take yi tana yin rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a matsayin amintattu, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Ana naɗa amintattu aƙalla biyu, a miƙa tsarin mulkin ƙungiya, a buga sanarwa a jaridu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Amfanin wannan a aikace shi ne ƙungiya ta zama tana da suna nata na kanta: ta buɗe asusun banki, ta ƙulla kwangila, ta kai ƙara, a kai ta. Inda babu rajista, kuɗin jama'a kan ƙare a asusun ma'aji na kansa. Na ga inda ma'aji mutumin kirki ya rasu, kuɗin unguwa ya cakuɗe da na gado, ba don ya ci ba sai don babu takardar da ta bambance nasa da na mutane. An daɗe kafin zumunci ya dawo tsakanin iyalansa da maƙwabta.

Yadda ake fitar da adadin

Wannan shi ne zuciyar maganar. Kuɗin wata ba a yanka shi da ka. Ana zama a rubuta duk abin da za a kashe a shekara, a raba da yawan gidaje. Bari in yi miki misali da lambobin da na ƙirƙira don lissafi kawai, ba farashin kasuwa ba. A ce masu gadi huɗu, kowane naira 50,000, ya zama 200,000. Kwashe shara 60,000. Tafiyar da rijiya, wato wuta ko mai da ladan mai kula da ita, 120,000. Ƙwayayen fitila, yashe kwata da ƙananan gyare-gyare 40,000. Ajiya 80,000. Jimilla 500,000 a wata. A raba wa gida sittin, kowa zai biya kimanin 8,300.

To ga inda gizo ke saƙar. Idan gida arba'in da biyar ne kaɗai ke biya, wannan 500,000 ɗin zai koma sama da 11,000 a kan kowane mai biya. A yawancin wuraren da na duba littattafansu, ƙarin kuɗi ba duka tsadar kaya ce ke kawo shi ba. Wani ɓangare nasa nauyin waɗanda ba sa biya ne aka juye wa masu biya, ba tare da an faɗa ba, saboda kwamiti na jin nauyin tunkarar wani Alhaji ko wani babban ma'aikaci. Don haka tambayar farko da za ki yi a taro ita ce: gida nawa ne suka biya a watanni shida da suka wuce?

Ban ce tsada ba gaskiya ba ce. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 komai ya tashi, daga kuɗin motar shara zuwa kayan gyaran famfo. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a 2024. Dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, amma mai gadi kasuwa ɗaya yake shiga da kowa. Ina faɗa wa kwamitoci a kullum cewa mutumin da kuka ba amanar rayukanku da dare, kuka biya shi abin da ba zai ciyar da iyalinsa mako biyu ba, kun jefa shi cikin jarrabawa kuma kun zalunce shi. Idan 5,000 ɗin an yanka ta tun shekarun baya ba a taɓa ta ba, tashinta ba abin mamaki ba ne. Abin da ba daidai ba shi ne mutum biyar su zauna a falo su ninka kuɗi fiye da sau biyu su aiko da saƙo a WhatsApp. Ƙarin kuɗi aikin babban taro ne, a ba da sanarwa da wuri, a raba kasafin a rubuce, a kaɗa ƙuri'a, a rubuta abin da aka zartar.

Ajiya da maganar taransifoma

Wannan 40,000 da aka ce ku kawo alama ce ta cewa ba ku da asusun ajiya. Kowane abu a rukunin yana da shekarunsa: famfon sumo, batiran sola, tanki, get, fenti, kwalbati. Ranar mutuwarsu ba a san ta ba, amma zuwanta tabbas ne. Lissafin mai sauƙi ne. Idan famfo na naira 600,000 ne kuma ana sa ran zai yi shekara biyar, to 10,000 za a riƙa ware masa duk wata. A yi wa kowane abu haka, a tara, a zuba a asusu dabam wanda ba a taɓa shi don biyan albashi. Da yake darajar naira na sauka, a sake duba lissafin duk shekara. Waɗanda ke gudun kuɗin ruwa na banki suna da bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz da TAJ.

A Gombe, abin da na fi jin tsoro a bari ba ajiya shi ne kwata. Ƙasarmu mai saurin zaizayewa ce, kowa ya ga yadda kwari ya ci gidaje a cikin garin nan. Ɗan tsagewar da za a toshe da buhun siminti kaɗan a watan Afrilu, idan aka bar shi ya sha ruwan Agusta, sai ya tafi da katanga. Kuma kwata ita ce abin da mutane suka fi ƙin ba da kuɗinsa, don da rani ba wanda ke ganin amfaninta.

Taransifoma kuwa tana da nata hukuncin. Hukumar NERC mai sa ido kan harkar wutar lantarki ta sha nanata cewa sayen taransifoma da turakun wuta da gyaransu aikin kamfanin rarraba wuta ne, ba na masu amfani da ita ba. Gombe na ƙarƙashin kamfanin da ke Jos, tare da Bauchi da Filato da Binuwai. Matakin farko shi ne a rubuta wa kamfanin takarda, a karɓi shaidar sun karɓa. Idan mazauna suka zaɓi su sa kuɗinsu don a gaggauta, ƙa'idar hukumar ta 2015 ta tanadi a ƙulla yarjejeniya a rubuce da kamfanin kafin a kashe ko sisi, a fayyace yadda za a mayar da kuɗin. Ki tambayi kwamitinku ko sun yi haka. Gida sittin sau 40,000 naira miliyan 2.4 ne, kuma kuɗi irin wannan ya cancanci a ga ƙiyasin masu gyara biyu ko uku, ba na ƙanin shugaba kaɗai ba. Sai dai idan taransifomar kamfanin da ya gina rukunin ne ya saye ta a matsayin taku ta kanku, to nan gyaranta na iya komowa kanku, kuma takardun miƙa rukunin ne za su nuna.

Wa zai biya me

Raba daidai wa daida ya fi sauƙi, kuma yana yin adalci idan gidajen iri ɗaya ne. Amma idan wani ya mayar da fulotinsa gidan haya mai iyali shida, ba daidai ba ne ya biya ruwa da shara kamar tsohuwar da ke zaune da jikarta. Abin da nake yi shi ne in raba kuɗin gida biyu. Gadi, fitilu, titi da kwata kowa ya biya, har da wanda gidansa ke kulle yana Abuja da mai kangon da bai ƙarasa ba, domin kadararsu ake tsarewa. Ruwa da shara kuwa a bi yawan amfani, wanda ya haƙa rijiyarsa a cire masa kuɗin ruwa. Tsakanin mai gida da ɗan haya, hidimar yau da kullum ta mazauni ce, babban gyara da ajiya na mai gida ne, kuma a rubuta hakan a takardar haya.

Abu biyu nake roƙon kowace ƙungiya. Gwauruwa mai marayu da wanda aiki ya kuɓuce masa, a yi musu rangwame da izinin taro, ba tare da an tozarta su ba. Sannan a wuri irin Tumfure da Musulmi da Kirista ke zaune tare, kada a cusa kuɗin masallaci ko na coci cikin kuɗin dole. Wannan a bar shi sadaka, kowa ya bayar inda zuciyarsa take.

Yanke ruwa da hana shiga

Hana mutum ko motarsa isa gidansa ba hurumin kwamiti ba ne, kuma shi ne ya fi jawo wa ƙungiyoyi faɗuwa a kotu. Haka ƙwace kaya, ko sa masu gadi su ci mutuncin iyali da baƙi, ko taɓa wayar wutar kamfani. Idan titin na gwamnati ne ma, ko kafa get ɗin sai da izinin hukumar tsara birane. Ruwan rijiyar ƙungiya ya ɗan bambanta, tunda hidima ce da ake saye da kuɗin masu biya, kuma idan tsarin mulkinku ya tanadi dakatar da ita bayan gargaɗi, suna da abin kafa hujja. Duk da haka ni ba na ba da shawarar a fara da shi. Mai gidan da ya ƙi biya yana ofis, matarsa da yara ne za su bi 'yan garuwa.

Abin da na ga yana aiki shi ne bi a hankali: tunatarwa a rubuce, sai dattawa biyu su je har gida, sai a ba shi damar biya kaɗan-kaɗan, sai a sa mai unguwa a ciki, sai wasiƙar lauya, kotu ta zama ta ƙarshe. Tarar jinkiri kuwa a yi hattara da ita, domin malamai da yawa na ganin ƙari a kan bashi saboda jinkiri riba ce. Ya fi kyau a rage wa wanda ya biya na shekara gaba ɗaya tun farko.

Amma abin da ya fi duk waɗannan karɓo kuɗi shi ne lissafi a fili. Akwai rukunin da aka kira ni, masu biya ba su kai rabi ba, kwamiti na ta barazana. Ba mu hukunta kowa ba. Mun buɗe asusu da sunan ƙungiya, muka hana karɓar kuɗi a hannu, muka riƙa manna takardar banki da jerin abin da aka kashe a jikin get duk ƙarshen wata. Mutanen da aka ɗauka masu taurin kai ne, ashe yawancinsu zargi ne ya hana su, suna jin kunyar furta shi. Da suka ga inda kowace naira ta shiga, da kansu suka riƙa turowa. Tun da ƙungiya a ƙasar nan ba ta da ƙarfin doka irin na Amurka, yardar mutane ita ce jarinta. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, wanda ya karɓi kuɗin jama'a kuma dole ya zauna ya yi musu bayani.

Abin da za ki yi yanzu

Ban ga takardunki ba, kuma ni ba lauya ba ne, don haka hukuncin ko kuɗin ya zama bashi a kanki a doka sai lauya ya karanta takardar cinikin gidan. Ki kai masa ita. Ki kuma bincika ko wanda ya sayar miki ya bar bashi, don kada a lissafa miki abin da ba ki ci ba.

Daga nan ki rubuta wa sakatare takarda cikin ladabi, ki nemi tsarin mulkin ƙungiya, shaidar rajista, kasafin bana, takardar banki ta watanni shida, da rubutaccen bayanin taron da aka amince da ƙarin. Ki duba ko mutum biyu ne aƙalla ke sa hannu kafin kuɗi ya fita, ko akwai masu binciken kuɗi da ba 'yan kwamiti ba, da kuma yaushe aka yi zaɓe na ƙarshe. Kada ki tafi ke kaɗai, ki samu maƙwabta huɗu ko biyar ku sa hannu tare, don kada a mayar da abin rigimar mutum ɗaya. Idan ana yin taron a lokaci ko wurin da mata ba sa iya zuwa, ki nemi a gyara, ko a karɓi wakilinki da takarda, domin ƙuri'a ta gida ce kuma gidan naki ne.

Kafin amsa ta zo, kada ki daina biya gaba ɗaya. Ki ci gaba da tura 5,000 ɗin da ba a jayayya a kanta ta banki, ki adana shaidar, ki rubuta musu cewa za ki cika ragowar da zarar an gabatar da kasafi a taro. Kuɗin taransifoma kuma ki riƙe shi har sai kin ga takardar da aka rubuta wa kamfanin wuta da ƙiyasin masu gyara.